Yadda Ake Haɗa Ƙasa Mai Rai Don Shuka a Tukwane a Gida

Yawancin waɗanda suka gwada shuka tumatir ko barkono ko ganyaye a cikin bokiti, suka kuma yi watsi da abin bayan wata biyu, sukan ɗora laifin a kan iri ko ƙwari ko zafin rana, alhali matsalar tana kwance a ƙarƙashin shukar tun ranar da aka cika bokitin. Ƙasar da aka ɗebo daga fili aka zuba a tukunya ba ta riƙe halin da aka san ta da shi a gona. A gona ruwa yana da inda zai gangara, kuma tururuwa da tana da saiwoyin ciyawa suna ta huda ƙasar suna buɗe wa iska hanya. A cikin tukunya kuwa, kafin a yi ban ruwa sau goma sai ƙasar ta danƙare kamar tubali, iska ta daina shiga, saiwa ta shaƙe, ganye ya soma yin rawaya, mai shuka kuma ya ɗauka ƙishi ne ya ƙara ruwa. Saboda haka aikin wanda yake son shuka a gida yana farawa ne makonni, wani lokaci ma watanni, kafin ya binne ƙwayar iri ta farko.

Abin da ake nufi da ƙasa mai rai shi ne ƙasar da abincin shuka yake fitowa daga ruɓewar ganye da kashin dabbobi da sauran abubuwan da suka taɓa rayuwa, ta hannun ƙananan halittun da ido ba ya gani, maimakon a narkar da takin zamani a zuba wa saiwa kai tsaye. Saiwa ba ta iya shan naitirojin, wato ɗaya daga cikin sinadaran da shuka ke ci, da ke ƙunshe cikin busasshen ganye sai bakteriya da fumfuna sun ci ganyen sun warware shi zuwa sigar da ke narkewa a ruwa. Wannan ne ya sa hanyar take da jinkiri, kuma shi ne ya sa take da rangwame ga mai koyo, domin abincin yana fita ne kaɗan-kaɗan gwargwadon ɗumi da danshi, wato a daidai lokacin da ita ma shukar take cikin girma. Akwai ma wani nau'in fumfuna da ke manne wa saiwar yawancin tsirrai, yana miƙa zararsa zuwa inda saiwa ba ta kai ba, yana kawo mata fosfaras da ruwa, ita kuma tana biyan sa da sukarin da ganye ya haɗa. Duk abin da za a yi daga nan gaba, manufarsa ita ce a samar wa waɗannan halittu abinci da iska da danshi.

Kafin a haɗa komai, ya kamata mutum ya san irin ƙasar da ke hannunsa, kuma kwalba ɗaya mai faɗin baki ta isa wannan gwaji. A zuba ƙasa har sulusin kwalbar, a cika da ruwa, a ɗiga sabulun ruwa kaɗan, a rufe a girgiza sosai, sannan a ajiye ba tare da an taɓa ba. Yashi zai kwanta cikin minti ɗaya ko biyu, laka mai laushi ta biyo baya cikin kimanin awa biyu, yumɓu kuwa yakan ɗauki kwana ɗaya ko fiye kafin ya sauka ruwan ya washe. Kaurin kowane layi a jikin kwalbar shi ne rabon kowannensu a ƙasar. Idan yumɓu ya yi rinjaye, za a rage yawan ƙasar a cikin haɗin, a ƙara abin da ke buɗe ta. Idan kusan duka yashi ne, ruwa da taki za su riƙa zurarewa, sai a ƙara ruɓaɓɓen taki. Ƙasar da ta fi dacewa ita ce wadda idan an jiƙa ta an dunƙula a hannu za ta tsaya, amma da an danna ta da yatsa sai ta wargaje. A kuma guji ɗebo ƙasa daga bakin titi mai yawan motoci, ko kusa da inda ake zubar da baƙin mai ko tsofaffin batura, domin dalma da makamantanta ba sa ruɓewa, suna nan a cikin ƙasa shekara da shekaru.

Ruɓar da taki shi ne zuciyar aikin, kuma a nan ne ya kamata a fi daɗewa. Kayan da ake tarawa iri biyu ne. Akwai busassu masu yawan kabon, kamar busasshen ganye, karmami, yankakken kara, ƙaiƙayi, garin katakon da ba a shafa wa fenti ko magani ba, da kwalin da aka yayyaga. Akwai kuma ɗanyu masu yawan naitirojin, kamar ɗanyar ciyawa, ɓawon kayan lambu da na 'ya'yan itatuwa, da kashin shanu ko awaki ko kaji. Masana sun daidaita a kan cewa ruɓewa ta fi tafiya daidai idan kabon ya ninka naitirojin sau 25 zuwa 30 a nauyi, amma ba wanda zai auna wannan a bayan ɗakinsa. Abin da ke aiki a hannu shi ne kwando biyu ko uku na busassu ga kowane kwando ɗaya na ɗanyu, ana jera su hawa-hawa, ana yayyafa ruwa a kowane hawa, ana kuma barbaɗa ɗan ƙasa ko tsohon taki a tsakani domin ya zama iri ga halittun da za su yi aikin. Wannan jeri na hawa-hawa da juyawa a kan lokaci shi ne tsarin da Albert Howard, masanin noma ɗan Ingila, ya tace a garin Indore na ƙasar Indiya a tsakanin 1924 da 1931, bayan ya daɗe yana lura da yadda manoman wurin suke mayar wa gona duk abin da ya fito daga cikinta.

Girman tulin yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Tulin da bai kai kimanin mita ɗaya a tsawo da faɗi da tsayi ba ba ya riƙe zafi, saboda haka yakan ruɓe a hankali cikin sanyi. Danshinsa kuwa ya zama kamar na tsumman da aka jiƙa aka matse: idan an damƙi kaɗan a hannu aka matsa, ɗigo ɗaya ko biyu ne za su fito daga tsakanin yatsu, ba fiye ba. Idan an dace da haɗin, cikin kwana biyu zuwa huɗu tsakiyar tulin za ta ɗau zafi har digiri 55 zuwa 65 a ma'aunin Salshiyas, kuma wanda ba shi da ma'auni yana iya soka sandar ƙarfe a ciki ya bar ta na 'yan mintoci. Idan ya zaro ta ya ji ba ya iya riƙe ƙarshenta da daɗewa, to aiki yana tafiya. Da sassafe, idan aka buɗe irin wannan tuli da shebur, sai a ga tururi yana tashi, a ga wani farin abu kamar toka ya lulluɓe karan da ke ciki. Wannan farin abin ba ɓarna ba ne, halittun da ke cin kara ne. Zafin shi ne ke kashe yawancin irin ciyawa da ƙwayoyin cuta, amma idan ya haura digiri 70 yakan soma kashe masu amfanin su ma, sai a juya tulin ya sha iska. A riƙa juyawa duk bayan kwana biyar zuwa bakwai, ana mayar da abin da ke gefe zuwa tsakiya, ana yayyafa ruwa inda ya bushe.

Hanci shi ne likitan tulin taki. Idan yana zarni kamar na fitsari, ɗanyun kaya sun yi yawa, naitirojin yana gudu cikin iska, sai a ƙara busassu a juya. Idan yana ɗoyi kamar ruɓaɓɓen ƙwai, ruwa ya yi yawa iska ta ƙare a ciki, maganin kuma shi ne a baje shi, a cakuɗa da kara ko ƙaiƙayi, a sake tarawa. Idan kuwa ya yi shiru babu zafi babu wari, ko dai ya bushe ne ko ɗanyun kaya sun yi kaɗan. Nama da kitse da mai da ragowar dafaffen abinci ba sa shiga tuli, saboda ɓeraye da ƙudaje. Kashin kare da na kyanwa ma ba sa shiga, domin suna iya ɗauke da cututtukan da ke kama mutum, haka nan shukar da cuta ta kashe. Tulin da ake kula da shi yakan nuna cikin wata biyu zuwa uku, wanda aka bari ba juyawa kuwa yana iya ɗaukar wata shida har zuwa shekara. Alamar nuna ita ce takin ya yi duhu, ya yi laushi, ya huce, ba a gane abin da aka zuba, kuma yana ƙamshin ƙasar da ruwan farko ya sauka a kai.

Ina ganin babu kuskuren da ya fi yawa, kuma ya fi saurin kashe shuka, irin zuba ɗanyen kashin dabba a tukunya. Ni kaina na taɓa yin sa. Na sami kashin kaji da ya bushe a ido, na ɗauka bushewa ita ce ruɓewa, na cakuɗa shi da yawa a bokiti shida na dasa tumatir. Kwana uku da fara ban ruwa sai gefen ganyen ya ƙone kamar an kusanta shi da wuta, da na tuge ɗaya kuma na ga saiwar da ya kamata ta zama fara sol ta koma ruwan ƙasa ta yi laushi. Kashin kaji ya fi na shanu ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma da zarar ruwa ya taɓa shi sai ya saki amoniya, wato sinadarin nan mai zarni, da gishiri a wuri ɗaya, saiwar da ke cikin tukunya kuwa ba ta da inda za ta gudu. Ban da ƙona shuka, akwai batun lafiyar mai ci. Ƙa'idar noman da ba a sa sinadarai a Amurka ta tanadi cewa idan an zuba ɗanyen kashin dabba, sai an bar kwana 120 kafin a girbe abin da ke taɓa ƙasa, kamar karas da latas, da kwana 90 ga abin da ba ya taɓa ta. Wanda ya ruɓar da kashin a cikin tuli mai zafi ya kauce wa matsalolin biyu gaba ɗaya.

Akwai gwaji mai sauƙi da nake ba kowa shawarar ya yi kafin ya amince da takinsa, musamman idan daga wani wuri aka kawo shi. A cika ƙananan kofuna biyu, ɗaya da ƙasa zalla, ɗaya da ƙasa rabi taki rabi, a binne ƙwayar wake uku-uku. Idan cikin mako biyu waken da ke cikin takin ya tsiro lafiya kamar ɗan'uwansa ko fiye, takin ya nuna. Idan ya ƙi tsirowa ko ya tsiro a tsumbure, a ƙara masa wata guda. Idan kuwa sabon ganyen ya fito a murɗe, a nannaɗe kamar cokali, to da alama dabbobin sun ci ciyawar da aka fesa wa wani maganin ciyawa mai daɗewa, wanda ke ratsa cikin dabba ya fito a kashi ba tare da ya lalace ba. Irin wannan taki yana nakasa tumatir da wake da dankali, kuma bai kamata ya shiga tukunya ba.

Idan taki ya samu, haɗin kansa ba shi da wuya. A ɗauki kashi ɗaya na ƙasa mai kyau da aka tankaɗe, kashi ɗaya na ruɓaɓɓen taki, da kashi ɗaya na abin da ke buɗe ƙasa, wato ɓuntun shinkafa, ko yashi mai tsakuwa-tsakuwa, ko zaren ɓawon kwakwa da aka wanke sosai saboda gishiri. Yashi mai laushi kamar gari ba ya cikin lissafi, domin idan ya haɗu da yumɓu toshe ƙofofin iska yake yi. Ga shukar da ake nema wa fure da 'ya'ya, a ƙara tafin hannu ɗaya na garin ƙashi a kowace lita 20, saboda fosfaras da kalsiyam. Ana iya ƙara dakakken gawayin itace, kada dai ya wuce kashi ɗaya cikin goma, da sharaɗin a fara cakuɗa shi da jiƙaƙƙen taki na mako biyu. Gawayi cike yake da ƙananan ramuka, idan ya shiga ƙasa a bushe sai ya tsotse abincin da ya kamata shuka ta samu a makonnin farko, idan kuwa ya shiga a ƙoshe sai ya zama ma'aji da mazauni ga ƙananan halittu na tsawon shekaru. Baƙar ƙasar nan mai albarka da aka samu a wasu sassan dajin Amazon, mutanen da suka zauna wurin ɗaruruwan shekaru da suka wuce ne suka samar da ita ta hanyar binne gawayi da ƙasusuwa da shara.

Toka tana buƙatar a yi taka-tsantsan da ita. Tana da fotashiyam da kalsiyam, amma tana rage tsamin ƙasa da sauri. Ana auna tsamin ƙasa da ma'aunin pH, wanda 7 ne tsakiyarsa, kuma yawancin kayan lambu sun fi jin daɗi tsakanin 6 da 7. Idan ƙasa ta haura 7.5, sinadarin ƙarfe da fosfaras sukan ɗaure ta yadda saiwa ba ta iya shan su ko da suna nan da yawa. Cokali biyu na tokar itace zalla sun isa bokiti mai lita 20, idan kuma ƙasar ko ruwan wurin dama masu kanwa-kanwa ne, gara a bar tokar gaba ɗaya.

Bayan an cakuɗa komai, a jiƙa shi daidai, a tara a inuwa, a rufe da buhu, a bar shi ya kwanta mako biyu zuwa huɗu. Wannan hutun ne mutane suka fi tsallakewa, alhali a cikinsa ne halittun takin suke bazuwa cikin sabuwar ƙasar, duk wani sauran zafi kuma ya fita. Don yayyafa iri a samu tsiro, a raba wannan haɗi da yashi ko zaren kwakwa rabi da rabi, domin jaririn tsiro yana rayuwa ne da guzurin da ke cikin ƙwayarsa a kwanakin farko, taki mai ƙarfi kuma cutar da shi yake yi.

Tukunya ta kasance da huda da yawa a gindi, a kuma ɗora ta a kan duwatsu ko katako domin ruwa ya sami hanyar fita. Tumatir ɗaya yana son lita 20 ko fiye, barkono yana wadatuwa da lita 10 zuwa 15, ganyaye masu gajeriyar saiwa kuwa zurfin santimita 20 ya ishe su. An saba shimfiɗa tsakuwa a gindin tukunya da nufin ruwa ya riƙa wucewa, amma abin da ke faruwa akasin haka ne: ruwa ba ya saurin tsallakawa daga ƙasa mai laushi zuwa tsakuwa, sai ya taru a saman tsakuwar, wato kusa da saiwa. A cika tukunyar da haɗin tun daga gindi, a bar yatsa uku a sama, a ajiye ta inda rana ke samun ta awa shida zuwa takwas. Inda rana take da ƙuna, baƙar roba takan ɗau zafin da ke dafa saiwa, saboda haka a naɗe ta da buhu ko a kare gefenta.

Da zarar an yi dashe, a lulluɓe saman ƙasar da busasshiyar ciyawa ko ganye mai kaurin yatsa biyu zuwa uku, amma a bar ɗan fili kewaye da gindin shukar don kada ya ruɓe. Lulluɓin yana hana danshi gudu, yana sanyaya ƙasa, kuma daga ƙarƙashinsa yana ruɓewa a hankali ya zama abinci. Game da ban ruwa, yatsa ya fi kalanda gaskiya. A soka shi har gaɓa ta biyu. Idan an ji danshi a dakata, idan an ji bushewa a zuba ruwa a hankali har sai ya fara ɗiga ta gindi. Ban ruwa kaɗan-kaɗan kullum yana sa saiwa ta tsaya a sama, yawan ruwa kuma yana korar iska ya jawo ƙananan baƙaƙen ƙudajen da tsutsarsu ke cin saiwa. Barin ƙasar ta bushe ƙamas shi ma illa ne, domin halittun cikinta sukan tsaya cak, kuma wannan hawa da sauka tsakanin ƙishi da ambaliya shi ne babban abin da ke sa gindin ɗan tumatir ya yi baƙi ya lotsa, saboda kalsiyam yana tafiya ne cikin ruwa, idan ruwan ya yanke sai ya kasa kaiwa ƙarshen ɗan.

Ƙasar da aka haɗa da kyau takan ɗauki shuka mako huɗu zuwa shida ba tare da ƙari ba. Daga nan, duk bayan mako uku ko huɗu a ɗage lulluɓin, a barbaɗa tafin hannu biyu na ruɓaɓɓen taki ko kashin tana, a mayar da lulluɓin, a ba da ruwa. Ganye yana faɗin abin da ke damun sa ga mai lura. Idan tsofaffin ganyayen ƙasa ne suka fara yin rawaya gaba ɗayansu, naitirojin ne ya yi kaɗan, shukar tana kwashe shi daga tsoho tana kai wa sabo. Idan sababbin ganyayen sama ne suka yi rawaya jijiyoyinsu kuma suna nan kore, ƙarfe ne ba ya samuwa, kuma sau da yawa laifin na yawan toka ne ko yawan ruwa. Idan shukar ta yi kore shar, ta yi ganye jibgi, amma fure ya ƙi zuwa, taki ne ya yi yawa, sai a dakata da ƙari. Idan darɓa ko farin ƙuda suka bayyana a bayan ganye, a fara da wanke su da ruwa, in sun dawo a fesa cokalin shayi ɗaya na man darbejiya da ɗigon sabulu a lita ɗaya ta ruwa, da yamma bayan rana ta yi sanyi, don kada ganye ya ƙone kuma kada a sami ƙudan zuma a kan fure.

Idan an gama girbi ba a zubar da wannan ƙasa. A yanke shukar daga gindi a bar saiwarta a ciki ta ruɓe, domin ramukan da za ta bari su ne hanyoyin iska da ruwa ga mai zuwa. A cire sulusin ƙasar daga sama, a maye gurbinsa da sabon taki da ɗan ɓuntu, a jiƙa a rufe na mako biyu. Tumatir da barkono da dankalin turawa dangi ɗaya ne, cututtukansu ma ɗaya ne, saboda haka kada a bi ɗaya da ɗaya a tukunya guda. Abin da ya fi shi ne a bi su da wake, wanda bakteriyar da ke zaune cikin ƙananan ƙullutun saiwarsa take kamo naitirojin daga iska. Idan aka tuge wake ɗaya aka fasa ƙullutun da farce aka ga cikinsa ja-ja, to bakteriyar tana aiki. Tukunyar da shukarta ta yi yaushi ta mutu farat ɗaya alhali ƙasar tana da danshi, ko aka ga saiwarta ta kumbura gunda-gunda, ita kaɗai ce za a juye a ware, a wanke ta da sabulu a shanya a rana kafin a sake cika ta da sabon haɗi.